Kafin Ya Tsallake Iyaka

Da rana tsaka saurayinta ɗan jarida ya faɗo shagon ɗinkinta, ko sallama babu.

"An kwashe abokan aikina. Yau zan tsallake iyaka. Zo mu tafi, a ɗaura mana aure a can."

Ta tsayar da keken.

"Yayana na tsare tun ranar zanga-zanga. Wa zai kai masa abinci?"

"In na zauna, mutum biyu za ki riƙa kai wa."

Idonta ya ciko da ƙwalla. Kafin ta amsa, wata mota marar lamba ta tsaya a ƙofa, ba a kashe ta ba.

"Bi ta baya," ta raɗa masa. "Ko ka ji muryata, kada ka juyo."