Sunan Mahaƙin Rijiya

Ka ce za ka ajiye sunan da mahaifinka ya raɗa maka, don manyan wurin aikinku ba sa son jin sa. Zauna tukuna ka ji wannan.

An yi wani mahaƙin rijiya, Ofra sunansa. Mahaifinsa mai karatu ne a majami'a, can ya samo sunan. Na Ibraniyawa ne. Mahaƙin nan ya sauka a wani faƙo inda ko akuya ba ta tsayawa, ya yi wata uku yana saran marmara, sai a zurfin gaba goma sha biyu ruwa ya ɓulɓulo. Makiyaya suka fara yada zango, masu tuyar ƙosai suka biyo su, aka kafa bukkoki, kowa ya tashi zuwa wurin sai ya ce za shi Ofra. Da gari ya yi albarka, wani dillalin hatsi mai suna Jatau ya yi ta kai gaisuwa har aka naɗa shi mai gari. Ya kafa allon ƙarfe a bakin hanya, aka rubuta Garin Jatau. Shekara ta zagayo, ba bakin da ya kama sabon sunan. Sai ya kira mahaƙin a gaban jama'a, ya ce wannan baƙon suna ya ishe shi: ko ya sake suna, ko ya bar gida da gona ya tashi.

Mahaƙin ya durƙusa ya yi gaisuwa, sannan ya miƙe. Ya ce, "Ranka ya daɗe, gona in ka ƙwace ta zama taka. Suna kuwa ubana ya ba ni. Tun zamanin dā garuruwa sun amsa shi a ƙasar Ibraniyawa, mutum ma ya amsa shi. Ganuwarsu ta zube, sunan yana nan. Ba a hannuna zai mutu ba."

Washegari ya ɗora diga da igiya a kan jaki, matarsa na biye tana share hawaye, ga dawarsu ta fid da kai suka bar ta. Bayan tafiyar yini guda ya sake samun faƙo, ya fara sara, da furfurarsa. Damina biyu suka sha wuya, har jakin sai da aka sayar. Amma ruwa ya zo, mutane kuma suka biyo ruwa.

Wata rana Jatau zai koma gida daga birni, ya shiga tasha yana neman motar Garin Jatau. Direbobi suka dubi juna, ba wanda ya san wurin. Ya yi ta zagaye har rana ta take tsaka, babbar rigarsa ta jiƙe sharkaf. A ƙarshe ya sunkuyar da kai, ya ce a hankali, "Ofra."

Kwandasta ya ɗauki jakarsa, ya ce, "Wacce, Baba? Tsohuwa ko sabuwa?"

Shi ya sa Hausawa suka ce, hassada ga mai rabo taki ce.