Atamfar Bikin Sa'adiyya

Har yau matan kasuwar Adjamé "Sa'adiyya ta samu nata" suke kiran atamfar da aka yi ankon bikinta da ita, bikin da mahaifinta ya rantse ba zai taka ba, kuma bai taka ba. Ita da kanta take sayar da atamfar a rumfarta.

Tana cikin ninke turmi mijinta Badaruddeen ya tsaya a bakin rumfar, ya kasa ɗago ido.

"Babanki ya rasu," ya ce. "An yi masa sallah ɗazu a babban masallacin Treichville. A sahun baya na tsaya."

"Ba wanda ya kira ni."

"Shi ya ce kada a kira ki."

Ta ajiye turmin. "Ka ce min zai huce. Kowace Sallah haka kake cewa."

"Na ɗauka zai huce."

Ya miƙo hannu, ta matsa baya.

"Har yanzu ina son ka, abin da ya fi ciwo ke nan," ta ce. "Amma daga yau in na dube ka, ƙofar gidanmu ta Arras zan riƙa gani a rufe."

Wata budurwa ta leƙo da fara'a, hannunta duk lalle. "Tanti, akwai 'Sa'adiyya ta samu nata'? An ce amaren da suka sa ta ba sa kuka."

Sa'adiyya ta zaro turmi, ta ɗora mata a hannu.

"Akwai," ta ce. "Babanki zai zo bikin?"