Takalmin Cikin Kwando

"Wa za shi sa wanga abu?" Maigida ya ɗaga takalmin da yatsa biyu, ya jefa shi kwandon guntayen fata.

Mako uku na yi a kansa: jar fatar akuya, madauri ɗaya da ya zagayo ta bayan diddige, ba irin yankan da shagonmu na Ƙofar Atiku ya gada ba. Ni ba mai magana ba ne, har Kurma suke kirana. Dukawa shida suka sunkuyar da kai, kowa ya ci gaba da soka basilla. Shirun nan nasu ya fi yi mini ciwo.

Washegari na zo da buhu in kwashe wuƙaƙena. Ko a gindin dogon yaro zan zauna, amma ba zan sake yanka abin da raina bai so ba.

Na tarar da Maigida tsaye bakin ƙofa, ya kasa shiga. Tsohon cikin dukawan, da ya koya masa riƙon wuƙa, wanda bai taɓa sa baki a gardama ba, ya miƙe ƙafafu a tsakiyar shago, sanye da takalmin nan nawa da aka jefa kwando. Sauran biyar sun kewaye shi, suna auna madaurin.

"Jiya ka yi tambaya," tsohon ya ce wa Maigida. "Ga amsa nan."

Sannan ya dube ni. "Kurma, aje buhun ga. Taho ka gwada muna yankan."