Wa Zai Riƙe wa Inna Zare?

Ana gobe za a kai ni makarantar kwana, kakata Inna ta zaunar da ni a inuwar rumbu bayan la'asar, tana kitsa mini abin hannu na zare da 'yan jajayen duwatsu. Kullum ni nake riƙe mata bakin zaren, ita tana sarƙawa da yatsu. Tun rasuwar kakana, mu biyu ne a ɗakinta.

Na ce, "Inna, in na tafi wa zai riƙe miki?"

Ta karɓe zaren daga hannuna, ta ɗaura a babban yatsan ƙafarta.

"Ga magajinki nan, 'yar boko. Shi ba ya motsi, ba ya surutu."

Na yi ta dariya. Sai yanzu nake tuna cewa ita ba ta yi ba. Kanta na sunkuye har aka kira magariba.