Kujerar Bayan Babur

Wata dattijuwa ce ta kawo wa ƙanenta wannan misali, ranar da ya zo yi mata sallama da hular kwano a hammata, yana sabon ango.

Ta ce an yi wani mutum mai son doguwar tafiya a kan babur. Babur ɗinsa ba irin na 'yan acaɓa ba ne, ba kuma ƙaton nan ba ne da in ya faɗi sai an taru a ɗaga shi. Matsakaici ne, dogo, mai babban tanki, yana cin kwalta yana cin rairayi, ga akwatunan ƙarfe hagu da dama. Waɗanda suka koya masa hawa cikin rairayi sun ba shi doka ɗaya: inda idonka ya je, nan babur zai je, don haka ka kafa ido can gaba, kada ka juya. Ya riƙe dokar nan gam. Da zarar kwalta ta ƙare, har madubai yakan kwance ya jefa cikin akwati, wai kada ya faɗi su fashe. Da ya yi aure, matarsa ta ce ita ma tana so ta ga abin da yake gani a can. Ya goya ta suka nufi arewa, bayan Damagaram. Da yake iska da ƙarar inji ba sa barin magana ta kai kunne, sai suka yi shiri tsakaninsu: in ta dafa kafaɗarsa, lafiya lau ke nan, ya ci gaba.

Rana na tsaka suka tsaya gindin wata tsamiya, ita kaɗai a fili, babu gida, babu dabba, ko tsuntsu ba ya kuka. Suka sha ruwa. Shi duk hankalinsa yana kan garin da yake so su kai kafin la'asar. Ya hau, ya tada inji, ya rufe fuska da hular kwano. Ita kuwa ta ɗora jarkar ruwa can wurin kaya ta ɗaure, babur ya ɗan nutse, sannan ta sunkuya tana kakkaɓe yashi daga takalminta. Da ya ji nutsewar nan sai ya ɗauka ta hau. Ya sa giya ya tafi.

Hanya ta miƙe, kawalwalniya na rawa a gabansa kamar tafki. Can sai ya ji an dafa kafaɗarsa, a hankali, yadda ta saba. Ya yi murmushi cikin hula ya ƙara wuta. Ya yi ta zuba mata hira da ƙarfi, yana nuna mata duwatsu da hannu, yana gaya mata irin ɗakin da zai gina mata. Duk sanda ya yi shiru, sai hannun ya dawo, ya dafa, ya ɗauke. Har akwai inda ya ji an jingina kai a bayansa, ya ce a ransa barci ya sace ta, ya riƙa kauce wa ramuka don kada ta farka.

A bakin gari ya tsaya wurin mai sayar da fetur a kwalabe, ya ce, "Sauko ki miƙe ƙafa, amarya, mun iso." Mai fetur ya dube shi, ya dubi bayansa, ya ce, "Maigida, kai da wa? Ko jarkar ce amaryar? To, Allah ya ba da zaman lafiya." Sai a lokacin ya juya. Babu kowa. Ya lalubi igiyoyin kaya, ko akwai wadda ta kwance take bugunsa, ya same su duk a ɗaure tamau. Ya ɗora tafinsa a kan kujerar baya, wadda rana ta daɗe tana duka, ya ji ta da sanyi kamar gindin randa.

Ya sha mai ya koma, yana bin sawun tayarsa, bakinsa ba ya rabuwa da addu'a. A komawar nan babu abin da ya taɓa shi. Da ya isa tsamiyar bai sami kowa ba, sai sawun ƙafafunta biyu a wuri ɗaya, sun nutse cikin yashi, suna fuskantar arewa, alamar ta daɗe a tsaye. Daga nan sawun ya juya kudu, ya kama hanyar gida.

Da yamma ya hango ta tana tafe, takalma a hannu. Ya kashe inji ya sauka, ya kira sunanta. Ba ta tsaya ba. Ta ce, "Ni ba daji ne ya ba ni tsoro ba. Bayanka nake kallo har ka koma kamar ƙuda, ina cewa yanzu zai juyo, yanzu zai juyo." Ya roƙe ta ta hau, ta ƙi. Sai ya kama kan babur ya shiga tura shi cikin rairayi, da akwatunansa da jarkarsa, yana biye da ita, gumi na shiga masa ido. Babu abin da yake gani sai bayanta, bai kuma san ko za ta sake dubansa ba. Haka suka yi ta tafiya har rana ta yi ja. Can ta rage sauri, ta ɗan karkato kai ta kan kafaɗa, ta duba ko yana nan.

Shi ya sa Hausawa suka ce, waiwaye adon tafiya.