Ƙafafun Kyanwar Kaka

Wata la'asar a gidanmu na Gwange, kyanwar kakata ta fito daga ƙarƙashin gado tana jan jiki, ƙafafunta na baya suna binta kamar ba nata ba. Baki buɗe take haki. Na ce yaran maƙwabta ne suka jefe ta.

Kaka ta shafa bayanta, ba ta ga rauni ba. Ta kama tafin ƙafar, ta daɗe riƙe da shi.

"Taɓa ki ji," in ji ta.

Sanyi ƙalau kamar gindin randa, ga gari ana zafi.

"Kaka, in kawo man zafi?"

"Kawo kasko dai."

Ta zuba garwashi, ta barbaɗa turaren wuta mai tsadar nan da take haɗa wa amare, ta riƙe ƙafafun a kan hayaƙin tana murzawa. Ba su yi ɗumi ba. Can ta kwantar da kyanwar a cinyarta, ta ce, "Ƙafafun sun riga ta tafiya."

Sai da na girma wani likitan dabbobi ya gaya mini ciwon zuciya ne. Naman zuciyar ke yin kauri, jini ya daskare, gudan ya gangara ya toshe hanyar ƙafafu.

Yanzu ni ke jinyar mahaifiyata, ita ma zuciyar ce. Na gaji da zaryar asibiti, na gaji da warin magani. Amma duk sanda ta yi barcin rana, sai in ɗaga zanen a hankali in taɓa ƙafafunta.