Furar da Tasalla Ke Kaiwa Gona da Rani

A Sabon Birni, zamanin Turawa, in ana zancen ma'auratan da suka dace da juna, Tasalla da mijinta Halliru ake fara ambata. Halliru falke ne, yana kai goro da zannuwa Maraɗi a kan jakuna, ya dawo da kanwa. Bai taɓa dawowa hannu rabbana ba, sai ya ƙullo mata tsaraba a bakin rawani, ko da dabino bakwai ne. Ita kuwa sai ta riƙe haɓa ta ce, "Kai, Maigida! Wanga duka nawa ne? Ina za ni zuba shi, ɗaki ya cika?" Su yi ta dariya kamar yara. Shekara tara da aure, maƙwabta ba su taɓa jin kansu ba.

Ana nan, wani rani Halliru yana wajen fatauci, sai ga yayan Tasalla, Attahiru, ya faɗo gidan, ƙafafu duk sun fashe. Tun yana ƙarami aka ba kawunsu riƙonsa a tsallaken iyaka, ƙasar Faransawa, don haka ko Halliru bai san fuskarsa ba. Gudowa ya yi daga aikin tilas na fasa hanya.

"Ki ruhe mini asiri, ƙanwata," in ji shi. "In zancen ga ya kai kunnen dogarai, maida ni za a yi."

Tasalla ta ɓoye shi a bukkar gonarsu ta hanyar Gangara. Kullum da hantsi ta dama fura, ta rufe da faifai, ta kai masa. To, ku ma kun sani, da damina ake kai abinci gona. Wa ke noma da rani, ko kara an gama kwashewa? Maƙwabciyarta Hajo, wadda bakinta bai san hutu ba, ta ƙyalla ido ta gan ta har sau uku. Maimakon ta leƙa ta tambaye ta, sai ta kai zancen bakin rijiya. Kafin kasuwa ta zagayo, rabin gari ya ji wai matar Halliru ta ajiye kwarto a gona.

Ranar da Halliru ya dawo, tun bai sauke kaya ba wani ya ja shi gefe ya fesa masa. Ya shigo gida fuska a murtuke. Tasalla, baiwar Allah, ta ɗauka wahalar hanya ce. Ta kai masa ruwan wanka, ta sa aka yanka zakara, ta murza masa ƙafafu da man shanu. Maganar yayanta tana nan a bakinta, amma haka uwarta ta koya mata: ba a tarbar matafiyi da labari mai nauyi sai ya ci, ya kwana, gajiya ta sake shi.

"Maigida, akwai maganar da za ni hwaɗa maka, amma sai gobe in ka huta."

"Allah shi kai mu," in ji Halliru, bai ko ɗago kai ba. Shi ma girman kai ya ɗaure masa baki. A ganinsa namiji ba ya tambayar irin wannan magana, sai dai idonsa ya gane masa.

Washegari da hantsi ta ga ya rufe ido, ta ce bari ta kai furar ta dawo kafin ya tashi. Ta tarar da Attahiru zazzaɓi ya kwantar da shi. Ta tallafo kansa tana ba shi fura da ludayi, tana share masa gumi da bakin zanenta.

"Yaya, wahalarka ta ƙare," ta ce. "Maigida ya dawo. Ba ka san shi ba, amma wallahi mutum ne. Yau cikin gida za ka kwana."

Ba ta rufe baki ba inuwa ta tare ƙofar bukkar. Halliru ne ya biyo sawunta da takobin tafiyarsa. Bai ji abin da ta ce ba, kan wani namiji kawai ya gani a hannun matarsa. Sara ɗaya ya yi.

"Wayyo Allah! Yayana ne! Uwa ɗaya, uba ɗaya!"

Takobin ya faɗi. Halliru ya yage rawaninsa yana toshe raunin, yana salati, yana kuka wiwi. Ina! Kafin azahar rai ya yi halinsa.

Da ƙafarsa Halliru ya kai kansa wurin dogarai. Ranar da za a wuce da shi garin Isa, daga can kuma Sakkwato wajen shari'a, Tasalla ta zo ta tsaya a gabansa, idanunta sun kumbura. Har a lokacin tana sonsa, kuma wannan ne ya fi ci mata rai.

"Tasalla, don mi ba ki hwaɗa mini ba?"

"Kai don mi ba ka tambaye ni ba, Maigida?"

Aka ja igiyar da aka ɗaure shi da ita, suka wuce. Halliru bai sake taka Sabon Birni ba. Hajo kuwa cewa ta yi ita dai abin da ta gani ta faɗa.

Jama'a, zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle ƙarya. In an kawo maka suka a kan iyalinka, zauna ka tambaya kafin ka ɗaga hannu, ke kuma kada ki bar maganar da ta shafi rai ta jira gobe.